Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekara goma sha tara a ɗakinka
ban taɓa kiran sunanka ba.
"Maigida" nake cewa, ko "Baban Zabeiru,"
in kuwa ina fushi sai in ce "kai wannan,"
ka yi dariya, ka ce wannan ɗin ma ya amsa.

Ranar Laraba ka ɗaure jakar ƙarafa a bayan babur.
Famfon wani ƙauye, can gaba da Gabi, ya tsaya,
kwana tara mata na tace ruwan tabki da kallabi.
Na ce ka bari a ji labarin hanya tukuna.
Ka ce ƙishirwa ba ta jiran labari.
Ka sha kunu a tsaye, ka rage rabi,
ka ce in rufe maka, kafin la'asar kana gida.

Na rufe.

Waɗanda suka tsira sun ce
ka ɗaure ƙusa ta ƙarshe ke nan,
ruwa ya yi tari, ya yi tari, ya ɓalle,
yara na tara hannu suna ihu,
sai wata ƙara ta taso daga daji.
Babura, bibbiyu a kan kowane, fuska a naɗe.
Ba su tambayi kowa ko shi wane ne ba.
An same ka hannunka da baƙin mai,
rigarka jiƙe da abu biyu.

A ofishin jandarma wani yaro mai biro
ya ce, "Sunan mamacin?"
Bakina ya buɗe, kunya ta riga ni fita.
Ka ji fa, kunya, a rana irin wannan!
Na kwance bakin zane na miƙa masa katinka,
ya kwafe ka harafi harafi bai ɗago kai ba.

Wata huɗu da kwana goma na zauna.
Mutanen Bagalam sun zo, sun ce haƙuri,
na ce haƙuri sai ma'aiki, kamar yadda ake faɗa.
Mai shago ya yafe jikka uku da yake binka.
Wayarka ta yi ta kuka a ƙarƙashin matashi,
masu famfo ne, ba su ji ba:
"A ce masa namu ma ya tsaya."

Zabeiru ya daina tambaya.
Yana dawowa daga lakwal sai ya zazzage jakarka,
ya jera ƙarafan a tabarma daga babba zuwa ƙarami,
ya goge, ya mayar.
Ƴar farinmu ta ɗauko tafiyarka, har jan ƙafar hagun.
In ta shigo zaure da magariba
ni ce nake juya baya.
Auta kuwa, in babur ya wuce a layi,
har yanzu da gudu take fita, ba takalmi.

Ba zan ce na yafe musu ba. Ban kai nan ba.
Liman ya ce akwai ranar hisabi,
na yarda, amma dare ya fi huɗuba tsawo.

Jiya wata tsohuwa ta yi sallama,
ƙafarta duk jar ƙasar hanyar Madarunfa,
ta sauke galan a tsakar gida.
Ta ce, "Na famfonsa ne. Bai sake tsayawa ba."
Na ɗebo a kwanon nan da na rufe ranar Laraba,
muka sha, ni da yaranka, a tsaye.

Da za ta tafi ta juyo:
"Jikata ta haihu, namiji, jibi suna.
Mu da Mai Famfo muka san shi.
Yaya sunansa na yanka?"

Na dubi yara. Na dubi ƙofa,
kamar za ka ɗaga labule ka kama ni.

Na ce, "Ɗayyabu."

Ashe haka yake da sauƙi a baki.
Ashe haka yake da nauyi.